Yadda Ake Bin Diddigin Kalmar Frutticoltura Daga Gonakin Italiya Zuwa Tushenta na Latin

Idan mutumin Italiya yana magana a kan noman itatuwa masu 'ya'ya, ko a matsayin sana'a ko a matsayin fannin ilimi, kalmar da yake amfani da ita ita ce frutticoltura. Ana ganinta a sunayen darussan tsangayoyin aikin gona, da mujallun manoma, da takardun hukuma, kuma ta tattara dukan aikin tun daga zaɓen iri da renon dashe, zuwa yi wa itace aure, da datse rassa, da ban ruwa, har zuwa tsinkar 'ya'yan a kai su kasuwa. Duk wanda ya san ɗan abin da ya sani na Latin, da ya dubi kalmar zai ɗauka tun zamanin Romawa take, domin babu wani sashe nata da ba daga Latin ya fito ba. Amma sassan ne tsofaffi, ita kalmar kanta ba ta daɗe da haihuwa ba. Rarrabe shekarun sassa da shekarun kalma shi ne abin da masu bin asalin kalmomi suka fi yin sakaci a kansa, kuma matakan da ke tafe an tsara su ne domin mai bincike ya kai ga wannan rarrabewa da hujja a hannunsa.

Mataki na farko: a tabbatar da rubutun kalmar da furucinta

Kafin a nufi kowane ƙamus na asalin kalmomi, a fara rubuta kalmar daidai, domin harafi ɗaya yana iya kai mutum gidan da ba nan ya nufa ba. Frutticoltura tana da t biyu a sashenta na farko, kuma Italiyawa suna furta wannan baƙi da ɗauri, kamar harafi mai shadda. Gaɓoɓinta biyar ne, wato frut-ti-col-tu-ra, nauyin murya kuma yana sauka ne a kan gaɓar tu. Suna ce ta jinsin mace, shi ya sa ake cewa la frutticoltura. Ƙamusoshin Italiyanci suna kawo wata siga ta biyu, frutticultura, mai u a gurbin o, wadda ba ta kai ta farko yawan amfani ba. A rubuta wannan siga a gefe, kada a ɗauke ta kuskuren bugu, domin za a bukace ta a mataki na huɗu.

Yana da kyau tun a nan a tattaro danginta na kusa: frutticoltore shi ne manomin, frutticolo sifa ce ta duk abin da ya shafi sana'ar, frutteto kuwa ita ce gonar itatuwan.

Mataki na biyu: a raba kalmar, a kuma gane aikin wasalin da ke tsakiya

Kalmar harɗaɗɗiya ce, an gina ta da frutto, wato ɗan itace, da coltura, wato noma. Wannan a fili yake. Abin da ke bukatar tsayawa shi ne wasalin i da ke tsakaninsu. Da yake jam'in frutto a Italiyanci shi ne frutti, mutum zai yi saurin cewa ma'anar ita ce noman 'ya'yan itatuwa a jam'i, kuma ko da ma'anar ta yi daidai, bayanin ginin bai yi daidai ba.

Hanyar gwada wannan ita ce a jera sauran kalmomin da aka gina bisa tsari ɗaya: viticoltura ta noman inabi, olivicoltura ta noman zaitun, orticoltura ta noman lambu, apicoltura ta kiwon zuma, risicoltura ta noman shinkafa, floricoltura ta noman furanni, da selvicoltura ta kula da dazuzzuka. Biyun ƙarshe su ne ke warware matsalar. Jam'in selva, wato daji, shi ne selve, amma ba a cewa selvecoltura. Jam'in fiore, wato fure, shi ne fiori, amma kalmar ta ɗauki flori, wadda siga ce ta Latin. Ashe wasalin i ba alamar jam'i ba ce, mahaɗi ne da aka gada daga yadda Latin ke haɗa kalmomi biyu, sai dai kawai a frutticoltura ya zo ya dace da sigar jam'i.

Uwar wannan dangi duka ita ce agricoltura. A Latin kalmomi biyu ne tun farko, agri cultura, inda agri take sigar mallaka ta ager, wato fili ko gona, ma'anar kuma ita ce noman gona. Da wannan suna aka san littafin Cato Babba, ɗan siyasar Roma, a kan aikin gona, wanda ya rubuta wajen shekara ta 160 kafin Miladiyya, kuma shi ne cikakken rubutun zube mafi tsufa da ya rage a harshen Latin. Da kalmomin biyu suka manne suka zama ɗaya, sai ta zama ma'auni da aka riƙa yanka sababbin kalmomi a kansa.

Mataki na uku: a bi sashen farko, frutto, har zuwa Latin

Frutto ta fito ne daga fructus ta Latin. Bai isa a faɗi haka don kalmomin biyu sun yi kama ba, sai an nuna cewa sauyin da ya auku a tsakaninsu sauyi ne na ƙa'ida wanda ya shafi sauran kalmomi masu irin wannan sauti. Ƙa'idar a nan ita ce, inda Latin ke da c da t a jere bayan wasali a tsakiyar kalma, Italiyanci ya haɗiye c ɗin ya ninka t. Don haka octo, wato takwas, ta zama otto. Noctem, wato dare, ta zama notte. Factum, wato abin da aka aikata, ta zama fatto. Kalmar madara ma ta zama latte. Da wannan jeri a gaba, fructus ba ta da wata makoma a bakin mutanen Italiya sai frutto.

Daga nan sai a leƙa harsunan da suke 'yan uwan Italiyanci, domin kowannensu ya bi da wannan haɗin sauti ta hanyarsa. Faransanci ya mai da shi it, shi ya sa ake da huit, da nuit, da fait, da lait, da kuma fruit. Romaniyanci ya mai da shi pt, aka sami opt, da noapte, da lapte. Abin da ya fi ɗaukar hankali a Romaniyanci shi ne cewa kalmar da ya gada kai tsaye daga fructus ita ce frupt, kuma ba ɗan itace take nufi ba, tana nufin madara da abin da ake samu daga gare ta, irin abincin da Kiristocin Otodoks ke ƙaurace wa a kwanakin azuminsu. Kalmar ɗan itace a harshen, wato fruct, daga baya aka ɗauko ta daga littattafai. A wurin makiyayan tumaki, amfanin da dukiyarsu ke bayarwa shi ne madara, kuma wannan ya kai mu ga ainihin ma'anar kalmar.

Fructus a Latin ba ɗan itace take nufi tun farko ba. Ta fito ne daga aikatau frui, wanda ke nufin morewa ko cin moriyar abu, saboda haka fructus ita ce moriya, da amfani, da riba, da duk abin da gona ko dabba ko dukiya ta haifar wa mai ita. Daga saiwa ɗaya aka sami fruges, wato amfanin gona, da frumentum, wato hatsi, wadda ta zama frumento, sunan alkama a Italiyanci, da kuma frugalis, sifar mai tattali. A dokar Romawa akwai usus fructus, wato haƙƙin amfani da dukiyar wani da cin moriyarta ba tare da mallakarta ba, kuma har yau Italiyanci yana da usufrutto da wannan ma'ana. Kundin dokokin hulɗar jama'a na Italiya na shekarar 1942, a sashe na 820, ya raba frutti gida biyu: frutti naturali, waɗanda suka haɗa da amfanin gona, da itace, da 'ya'yan dabbobi, da abin da ake haƙowa daga ma'adinai, sai frutti civili, irin su kuɗin haya da ruwan da jari ke jawowa. Tsohuwar ma'anar tana nan daram a bakin lauyoyi, haka kuma a aikatau fruttare, wato kawo riba, da sfruttare, wato tatse amfanin abu ko ci da gumin mutum. A ganina wannan shi ne sashe mafi daraja a tarihin kalmar, domin ya nuna cewa ma'anar ɗan itace ƙuntatawa ce da ta zo daga baya, lokacin da aka keɓe kalmar ga amfani guda daga cikin amfanoni masu yawa.

Akwai ƙarin abu guda da bai kamata a tsallake ba. Italiyanci yana da il frutto, ɗan itace guda, da i frutti, jam'insa, wanda kuma ake amfani da shi wajen sakamakon aiki, sannan yana da la frutta, wato 'ya'yan itatuwa a dunƙule, irin waɗanda ake saye a kasuwa a ajiye a kan tebur. Frutta ta samo asali daga fructa, sigar jam'i da ta ɓullo a Latin na ƙarshen zamani, wadda masu magana suka riƙa ji kamar suna tilo na mace saboda ta ƙare da a. Irin wannan juyi ne ya sa a yawancin lokuta sunan itace yake namiji, sunan ɗansa kuma mace: il melo itacen tuffa ne, la mela kuma tuffar, il pero da la pera, wato pear a Turanci, il pesco da la pesca, wato peach, duk haka suke tafiya.

Wanda yake so ya wuce Latin zai tarar masana sun danganta frui da wata saiwa ta tsohon harshen Indo-Turai mai ma'anar amfani da abu, wadda ita ce kuma ta haifi brauchen ta Jamusanci, wato bukata. Wannan tsohon harshe ba a taɓa samunsa a rubuce ba, an sake gina shi ne ta hanyar kwatanta harsuna, shi ya sa ake sa alamar tauraro a gaban kalmominsa. Mai bincike ya riƙe wannan bambanci: fructus an gan ta a rubuce, saiwar da ke bayanta kuwa an cim mata ne da kwatance.

Mataki na huɗu: a bi sashe na biyu, coltura

Coltura daga cultura ta Latin take, ita kuma daga aikatau colere. Wannan aikatau yana da faɗin ma'ana: nome ƙasa, da zama a wuri, da kula da abu, da girmama abin bauta. Daga gare shi aka sami agricola, wato manomi, da incola, mazaunin wuri, da colonus, manomin da ya zauna a kan wata ƙasa, da colonia, matsugunin irin waɗannan manoma, wadda daga baya Turawa suka mai da ita sunan ƙasar da suka yi wa mulkin mallaka. Cultus, wato bauta, ita ma daga nan take. Zaren da ya ɗaure su duka shi ne dawwama a kan abu da hidimta masa.

Tambayar da ya wajaba a yi a nan ita ce, me ya sa u ta cultura ta koma o a coltura, alhali u ta fructus ta tsaya yadda take a frutto? Amsar tana cikin tsawon wasali. Latin yana rarrabe dogon wasali da gajere, amma ba ya nuna bambancin a rubutu, kamar dai yadda a rubutun boko ake rubuta gari na zama da gari na tuwo iri ɗaya, alhali kunne yana jin cewa wasalin farko na ɗaya gajere ne, na ɗayan kuma dogo. A tafiyar Latin zuwa Italiyanci, doguwar u ta zauna a matsayin u, kamar a luna, wato wata, da muro daga murus, wato bango. Gajerar u kuwa ta sauka ta zama o: multum ta zama molto, bucca ta zama bocca, gula ta zama gola, mundus ta zama mondo. U ta fructus doguwa ce, saboda haka ta tsira. A cultura kuwa u ta farko gajera ce, ta biyu doguwa, don haka ta farkon ta zama o, ta biyun ta zauna. Kalmar frutticoltura da kanta ta ƙunshi ɓangarorin ƙa'idar biyu, kuma domin a tabbatar da haka sai a nemi ƙamus na Latin wanda ke sa ɗan layi a kan dogayen wasula.

To ina cultura mai u ta fito a Italiyanci? Ita ce sigar da malamai suka riƙe kamar yadda suka same ta a littattafan Latin. An daɗe ana amfani da sigogin biyu ba tare da tsayayyen bambanci ba, kafin harshen ya raba musu aiki: coltura ta zama ta gona, cultura kuma ta zama ta ilimi da al'ada. Ita ma wannan ma'ana ta biyu daga gona aka aro ta, domin Cicero ne, marubuci kuma ɗan siyasar Roma, a shekara ta 45 kafin Miladiyya, ya kira falsafa cultura animi, wato noman zuciya, yana kwatanta hankalin da ba a horar ba da gonar da ba a nome ba. Wannan tarihi shi ya bayyana sigar frutticultura da aka ajiye a matakin farko, kuma shi ya sa a Sifaniyanci da harshen Fotugal ake cewa fruticultura, domin su ba su yi wannan rabon ba.

Mataki na biyar: a kauce wa kalmomin da suka yi kama amma ba dangi ba

A nan ne gaggawa ta fi yin ɓarna. Akwai kalmar frutice a Italiyanci, mai t ɗaya, wadda masana tsirrai ke amfani da ita wajen ƙaramin itace mai rassa tun daga gindi. Daga frutex ta Latin take, kuma kalma ce daban da fructus. Wanda ya rubuta frutticoltura da t ɗaya yana iya samun kansa yana bin wannan sawu.

Tarko na biyu ya fi wannan haɗari, domin ma'anarsa ta dace da batun. Italiyanci yana da colto guda biyu da ake rubutawa iri ɗaya. Ta farko, mai rufaffiyar o, daga cultus take, tana nufin abin da aka nome ko mutum mai ilimi, kuma ita ce 'yar uwar coltura. Ta biyu, mai buɗaɗɗiyar o, daga aikatau cogliere take, wato tsinka, wanda ya fito daga colligere ta Latin, kuma daga wannan gida ne raccolta da raccolto suka fito, wato girbi da amfanin da aka girbe. Da yake ɗan itace tsinkarsa ake yi, abu ne mai sauƙi mutum ya fassara frutticoltura da tsinkar 'ya'yan itatuwa, amma babu dangantaka tsakanin coltura da cogliere. Haka nan coltello, wato wuƙa, duk da cewa manomin itatuwa ba ya rabuwa da ita wajen yi wa dashe aure, daga culter take, wadda ke nufin wuƙa ko bakin garma.

Mataki na shida: a nemo lokacin da aka fara ganin kalmar a rubuce

Sanin asalin sassa bai faɗa mana lokacin da aka harhaɗa su ba. Wannan sai ƙamusoshin tarihi, kuma ya fi kyau a bi su daga mafi tsufan zamani zuwa na kusa.

A fara da ƙamus na Latin, a nemi fructicultura. Ba za a same ta a Latin na marubutan Roma ba. Cato bai yi amfani da ita ba, haka Varro da ya yi rubutu a kan aikin gona a shekara ta 37 kafin Miladiyya, haka Columella na ƙarni na 1, duk da cewa sun yi dogon bayani a kan dasa itatuwa da yi musu aure. Daga nan a duba Tesoro della Lingua Italiana delle Origini, ƙamus ɗin da ake haɗawa a birnin Florence, wanda ya tattara kalmomin Italiyanci na farko har zuwa ƙarshen ƙarni na 14, kuma ana iya buɗe shi kyauta a intanet. Frutto tana cikin rubuce-rubucen wancan zamani birjik, amma frutticoltura babu ita. Sai a matsa zuwa ƙamus na Accademia della Crusca, cibiyar da aka kafa a Florence a shekarar 1583, wadda ta fitar da bugun farko na ƙamus ɗinta a 1612. Nan ma akwai frutto, akwai agricoltura, amma ba a haɗa frutto da coltura ba.

Inda za a same ta shi ne ƙamusoshin da ke bayar da shekarar farkon bayyanar kalma. Mafi sauƙin amfani shi ne Dizionario Etimologico della Lingua Italiana na Manlio Cortelazzo da Paolo Zolli, wanda ya fito a juzu'i 5 daga 1979 zuwa 1988. Wanda ke son ganin kalma a cikin jimlolin marubuta sai ya nufi Grande Dizionario della Lingua Italiana da Salvatore Battaglia ya assasa, mai juzu'i 21, wanda aka buga daga 1961 zuwa 2002. Abin da binciken ke kai wa gare shi shi ne cewa frutticoltura kalma ce ta ƙarni na 19, zamanin da harsunan Turai suka yawaita ƙirƙirar sunaye masu wannan ƙarshe domin rassan aikin gona. Akwai kuma ƙamus ɗin Ottorino Pianigiani na 1907, wanda shi ne ya fi saurin fitowa idan aka yi nema a intanet. Yana da amfani wajen buɗe ido, amma ilimin fannin ya yi nisa bayansa, don haka kada a tsaya a kansa shi kaɗai.

A tuna cewa shekarar da ƙamus ya bayar ita ce ta rubutu mafi tsufa da masu ƙamus suka gano, ba ranar da aka fara furta kalmar ba, kuma sau da yawa ana samun wanda ya girme shi idan aka tono tsofaffin mujallu. A rubuta "an fara ganinta a rubuce", kada a rubuta "an ƙirƙire ta a shekara kaza".

Mataki na bakwai: a tambayi abin da ake faɗa kafin ta, da dalilin da ya sa aka bukace ta

Idan Romawa ba su da wannan kalma, da me suke kiran abin? Kalmarsu ta ɗan itace ita ce pomum, gonar itatuwa kuma pomarium, har suna da abar bauta mai suna Pomona wadda suka jingina wa kula da itatuwa masu 'ya'ya. Pomum ta bar pomo a Italiyanci, kuma tana ɓoye a cikin pomodoro, sunan tumatir, wanda asalinsa pomo d'oro ne, wato ɗan itacen zinariya, sunan da aka ba shi a ƙarni na 16 bayan an kawo shi daga nahiyar Amurka. Daga pomum ne kuma aka gina pomologia, tare da kalmar Girkanci mai nufin nazari. Lokacin da Giorgio Gallesio, mutumin yankin Liguria, ya shiga wallafa babban aikinsa na bayanin ire-iren 'ya'yan itatuwan Italiya tare da zane-zanensu, daga 1817 har zuwa rasuwarsa a 1839, sunan da ya ba shi shi ne Pomona Italiana.

Ya kamata a fahimci bambancin kalmomin biyu, domin ba ɗaya ce ta kori ɗaya ba. Pomologia nazarin ire-iren 'ya'yan itatuwa ne, da siffanta su, da rarraba su. Frutticoltura kuwa aikin samar da su ne. Shekaru aru-aru itatuwan marmari a Italiya suna warwatse ne a lambunan masu hali da gidajen ibada, ko a jere a gefen gonakin hatsi tare da inabi, kuma abin da yake haka ba ya bukatar suna na kansa, yana cikin agricoltura. Bayan haɗewar Italiya a 1861, da shimfiɗa layukan dogo da suka sa ɗanyen kaya ke iya isa kasuwanni masu nisa kafin ya lalace, sai aka fara keɓe gonaki sukutum domin itace iri ɗaya. Garin Massa Lombarda da ke lardin Ravenna shi ake ɗauka a matsayin mahaifar wannan noma na kasuwa, musamman na pesca, tun daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, kuma akwai gidan tarihi na frutticoltura a garin. Sana'a ta tsaya da ƙafarta, ta sami malamai da makarantu da mujallu, sunanta kuma ya kafu. Ita ce a yau ake gani a gonakin tuffa na Val di Non da Alto Adige, da gonakin lemo na Sicily da Calabria, da gonakin kiwi na lardin Latina.

Mataki na takwas: a rubuta sakamakon, sannan a gwada hanyar a kan wata kalma

Bayanin da za a rubuta ya rarrabe abu uku: abin da aka gani a rubuce, abin da ƙa'idar sauti ta tabbatar, da abin da aka kai gare shi ta kwatance. Zai iya zuwa kamar haka: frutticoltura suna ce ta mace, harɗaɗɗiya, wadda aka fara gani a rubuce a ƙarni na 19, an gina ta da frutto da coltura tare da mahaɗin i bisa tsarin agricoltura, frutto gadon baki ce daga fructus, moriya, daga frui, coltura daga cultura take, daga colere, nomewa da kulawa. A bayyana a fili cewa frutto ta iso ne ta bakin jama'a tsara bayan tsara, ita kuwa harɗaɗɗiyar kalmar masu ilimi ne suka gina ta.

Kalmar da ta fi dacewa a gwada hannu a kanta bayan wannan ita ce agrumicoltura, noman dangin lemo. Sashenta na biyu an riga an san shi. Na farkon, agrume, yana jan ido zuwa ga agri ta agricoltura, amma ba daga ager yake ba. Daga acrumen yake ta Latin na baya, wadda ta fito daga acer, wato mai tsami ko mai kaifi a harshe, kuma ita ce ta ba Italiyanci agro, mai tsami. Yawancin sunayen 'ya'yan da ke ƙarƙashinsa kuwa ba na Latin ba ne. Arancia ta bi ta Larabci naranj, wadda Larabci ya karɓa daga Farisanci, shi kuma daga Indiya, limone kuma daga laimun ta Larabci take, kalmar da ita ce ta ba Hausa lemo. Wannan ya dace da tarihi, domin Larabawa sun fara shiga Sicily a shekarar 827, suka yi mulki a tsibirin har zuwa ƙarni na 11, kuma a zamaninsu ne noman lemon tsami da lemo mai ɗaci ya bunƙasa a can.